Zangon Da Na Gani A Birnin Lisbon

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma wanda Allah Ya nufa ya je ya gani, haƙƙi ne a kansa ya ba na gida labari. A watan Yuni na shekarar 2024 na ziyarci ɗan ƙanwata da ke aiki a Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, na yi mako uku a wurinsa. Ba zan cika ku da labarin jirgi da abinci da sanyin safiya ba. Abin da nake so in ba ku shi ne labarin yawon da muka yi wata rana a cikin keke mai ƙafa uku, muka ratsa tsofaffin unguwannin birnin, domin a wannan yawo ne na ga wani abu da ya shafe mu, mu mutanen zango, fiye da yadda na zata.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san yadda garin yake. Lisbon tana bakin Kogin Teju ne, daidai inda ya buɗe ya yi faɗi kafin ya faɗa Tekun Atilantika. Mutanen garin suna yi mata kirari da birni mai tuddai bakwai, kuma duk wanda ya taka ta da ƙafa ba zai yi musu gardama ba. In ka bar bakin ruwa, ko ina ka nufa hawa ne. Hanyoyin ƙafa kuwa an shimfiɗe su da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, gwanin kyau, amma sun sha taku har sun yi santsi. Saboda wannan hawa da sauka mutanen garin sun daɗe suna neman dabara. Akwai taragon lantarki mai launin rawaya da ke bin cikin gari, wanda ya fi suna shi ne mai lamba 28, amma cikarsa ta fi ta tirotiro ranar kasuwa. Akwai wata hasumiyar ƙarfe mai ɗaga mutane sama, Santa Justa, da aka buɗe a 1902. Akwai kuma taragun da ake ja da igiyar ƙarfe a kan gangara. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Gloria, wanda ya fara aiki tun 1885, shi ne ya kufce a ranar 3 ga Satumba 2025, mutum 16 suka rasu.

Ni da na ba shekara sittin baya, ga gwiwa tana ciwo, kwana biyu na yi ina gwada ƙarfina da tudu, a rana ta uku ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, yau kam tuk-tuk za mu hau." Da ya nuna mini abin da yake nufi sai dariya ta kama ni. Ashe keken nan ne da muke kira faragiya a Kumasi, mutanen Tamale su ce yalo-yalo, Kanawa kuma su ce a-daidaita-sahu. Sai dai a wurinmu abin hawan talaka ne, mai kai mata kasuwa da yara makaranta. A Lisbon kuwa ba za ka ga ɗan gari a ciki ba sai in shi ke tuƙi. Na baƙi masu yawon buɗe ido ne kawai, kuma bai daɗe da shigowa garin ba, shekara goma da ɗoriya ke nan. Da yawa daga ciki na lantarki ne, ba hayaƙi ba ƙara, an yi musu ado da furannin roba da fenti iri-iri. Da aka faɗi kuɗin sai dariyar ta koma ciki. Bayan an ja an saki, muka daidaita a kan Yuro 90 na awa biyu, kuɗin da zai kai mutum Tamale daga Kumasi, ya dawo da shi, ya sake mayar da shi, har ya samu canji.

Direbanmu mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, gajere kakkaura, mai yawan fara'a, yana jin Turancin Ingilishi daidai gwargwado, inda ya maƙale kuma ɗan ƙanwata ya fassara. Tun da muka hau yake ce mini "Sinyor", wato kamar a ce Maigida. Ya gaya mana shi haifaffen Alfama ne, unguwar da ta fi kowace tsufa a garin, don haka duk lungun da za mu shiga ya yi wasa a cikinsa yana yaro.

Mun tashi ne daga wani ƙaton fili a bakin kogi, wanda suke kira Filin Kasuwanci. A nan fadar sarakunan Fotugal take a da. Ranar 1 ga Nuwamba 1755, da hantsi, mutane suna cikin coci-coci saboda ranar idinsu ce, aka yi girgizar ƙasa mai tsanani. Waɗanda suka tsira suka gudo bakin ruwa inda babu ginin da zai faɗo musu, sai teku ta janye ta dawo da ambaliya ta haɗiye su, abin da ya rage kuma gobara ta kwana da kwanaki tana ci. Dubun dubatan mutane suka halaka. Babban wazirin sarki, wanda tarihi ya sani da laƙabin Pombal, shi ya sake gina ƙasan garin, ya ja tituna miƙaƙƙu kamar an auna da zare. Amma unguwannin kan tudu, musamman Alfama da ke zaune a kan dutse, ɓarnar ba ta yi musu yawa haka ba. Shi ya sa in mutum yana son ya ga Lisbon ta dauri, dole sai ya hau sama.

Muka fara hawa, keke yana bin layin tarago, yana kauce masa in ya taho. Wuri na farko da muka tsaya shi ne babbar cocin garin, wadda in ka gan ta daga nesa sai ka ce ganuwa ce, saboda kaurin bango da hasumiya biyu. Direba ya ce an fara gina ta a 1147, kuma ana cewa a gurbin babban masallacin garin aka kafa ta. A nan ne na gyara zama. Na san Musulmi sun mulki Andalus, amma a raina Andalus ƙasar Sifen ce, ban taɓa kawo Fotugal a lissafin ba. Alhali kuwa bayan ƙetarowar Musulmi daga Arewacin Afirka a 711, ba a yi shekaru da yawa ba Lisbon ta shiga hannunsu, suna kiranta Al-Ushbuna, kuma ta zauna haka fiye da shekara 400. Sai a watan Oktoba na 1147 sarkin Fotugal na farko, Afonso Henrikes, ya ci garin bayan ya kewaye shi wata huɗu, da taimakon mayaƙan da suka zo a jiragen ruwa daga Ingila da Jamus da ƙasar Filanda ta Beljiyam, suna kan hanyarsu ta zuwa yaƙin Ƙudus.

Gaba kaɗan akwai wani dandali mai rumfar furanni, Santa Luziya, inda mutum zai tsaya ya hangi jajayen rufin gidajen Alfama suna gangarawa har bakin kogi. A jikin bangon cocin da ke wurin an zana hoton yaƙin 1147 a kan tayil mai shuɗi da fari. Irin wannan tayil shi ne adon garin baki ɗaya, a bangon gida da coci da tashar jirgi, kuma sunansa a harshensu, azulejo, daga Larabci ya fito, az-zulaij. Da direba ya ga abin ya ja hankalina sai ya shiga jero mini wasu kalmomin. Man zaitun suna ce masa azeite, wato az-zait. Tela kuma alfaiate, wato al-khayyat. Sukari da shinkafa duk sunayensu ta hannun Larabawa suka shigo musu. In Bafotugale zai yi fatan wani abu sai ya ce oshala, kuma duk wanda ya saba faɗin in sha Allahu ba ya bukatar tafinta a nan. Ita kanta Alfama asalin sunanta al-hamma ne, wato maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, saboda idanun ruwan da ke gindin tudun.

Keke ba ya iya shiga cikin Alfama sosai, domin rabin hanyoyinta matakala ne, wasu lungunan kuma in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Saboda haka direba ya ajiye keken, muka taka a hankali. Wallahi da na shiga sai na ji kamar ina cikin tsohon zangon Kumasi. Gida manne da gida, shanya a kan igiya daga taga zuwa taga, tsohuwa zaune a bakin ƙofa tana kallon mai wucewa, ƙanshin kifi a kan gawayi. Lokacin ana shirin bikin waliyyinsu Antoniyo, wanda ake yi daren 12 ga Yuni zuwa wayewar 13, an rataya takardu masu launi a saman kowane lungu, an fito da tebura da murhun gasa kifin sadin.

Muna cikin tafiya sai direba ya tsaya a gaban wani gida mai hawa uku, sabon fenti, ya nuna taga ta sama, ya ce, "Sinyor, a ɗakin can aka haife ni." Na ce masha Allahu, ashe mun zo gida, sai mu shiga mu gaida tsohuwa. Ya yi murmushi, ya nuna mini wani ɗan allo a gefen ƙofa mai haruffa biyu, AL, da wasu ƙananan akwatunan ƙarfe masu lambobi da aka maƙala a jikin bango. Ya ce haruffan nan alama ce ta gidan da ake ba baƙi haya na kwana biyu ko uku, akwatunan kuma makullai ne a ciki. Baƙo zai biya ta intanet, ta Airbnb ko makamancinsa, a aiko masa da lamba, ya zo ya buɗe ya shiga, ya gama kwanakinsa ya tafi, bai ga mai gida ba, bai san maƙwabci ba. Mahaifiyarsa ta yi shekara arba'in da wani abu tana haya a gidan. Da aka sayar da shi, sabon mai gida ya sallami kowa. Yanzu tana can ƙetaren kogi a wani gari inda haya ke da sauƙi, shi ma can yake kwana, kullum da asuba ya hau jirgin ruwa ya zo ya yi ta zagaya baƙi a unguwar da aka haife shi.

Na tambaye shi yadda aka yi haka ta faru. Ya ce a da dokar ƙasar ta daskarar da kuɗin tsofaffin haya, mai gida ba ya iya ƙari sai kaɗan, saboda haka talaka ya samu wurin zama, amma gidajen suka yi ta lalacewa don ba mai gyara. A 2011 tattalin arzikin Fotugal ya durƙushe har ta karɓi bashin ceto na Yuro biliyan 78, a 2012 kuma aka sauya dokar haya, aka sauƙaƙa wa masu gida ƙarin kuɗi da sallamar ɗan haya. A daidai wannan lokaci baƙi suka fara kwararowa, har aka buɗe sabuwar tashar manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa a gindin Alfama a 2017. Mai gida ya duba ya ga abin da tsohuwa ke biya a wata, baƙo zai biya a kwana biyu. Daga baya na ga alƙaluman ƙidaya sun gaskata shi: gundumar da ta haɗa Alfama da maƙwabtanta tana da mutum wajen 12,800 a 2011, amma a 2021 sun koma wajen 10,000. Cikin shekara goma, fiye da mutum ɗaya cikin kowane biyar ya bar unguwar.

Na ce masa, to kai ba ka jin haushin wannan sana'a, tun da baƙin da kake ɗauka su ne sanadin tashinku? Ya ɗaga kafaɗa ya ce da wannan keken yake biyan hayar uwarsa da makarantar 'ya'yansa biyu. Ya ce sauran mutanen unguwa da suka rage ba sa ƙaunar ganin kekunan, suna cewa sun toshe hanya, sun hana motar asibiti wucewa, sun mayar da ƙofar gidansu wurin ɗaukar hoto, kuma ba ƙarya suke yi ba. Na ji daga baya cewa daga watan Afrilun 2025 hukumar birnin ta hana kekunan bin tituna fiye da 300, ta kuma keɓe musu wuraren tsayawa.

Muka koma keke muka ci gaba da hawa. Muka wuce wani farin gini mai ƙubba, inda ake binne manyan mutanen ƙasar. An fara gina shi a ƙarni na 17, ba a gama ba sai 1966, har ya zama abin karin magana a wurinsu: duk aikin da ya ƙi ƙarewa sai su ce aikin Santa Engarasiya ne. Masu son ƙwallo za su so su ji cewa a ciki Eusebio yake kwance, baƙar fata haifaffen Mozambik, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar kofin duniya ta 1966 da ƙwallo 9. Ya rasu a 2014, aka mayar da gawarsa can a 2015.

Daga nan hawan ya tsananta, keke yana nishi, muna riƙe da ƙarfe, har muka kai dandalin Senhora do Monte a unguwar Garasa, ɗaya daga cikin wurare mafiya tsawo a tsohon garin. Kekuna sun fi ashirin a jere, kowane direba yana yi wa baƙinsa bayani da harshe daban. Daga nan ana ganin garin duka: kogi, da doguwar jar gada da aka buɗe a 1966, da ganuwar da ke kan tudun da ke fuskantarmu, wadda Musulmi suka ƙarfafa gininta kafin a ƙwace ta. Sunan ganuwar yanzu Sao Jorge. Duk ɗan Gana da ya yi makaranta zai tuna da wannan suna, domin gidan dutsen da Fotugisawa suka gina a Elmina a 1482 sunansa ke nan, Sao Jorge da Mina. Daga wannan kogi da nake kallo jiragen suka tashi, ɗauke da sassaƙaƙƙun duwatsun ginin, kuma nan suke dawowa da zinariya, daga baya da mutane. Wani lissafi da aka yi a 1551 ya nuna cikin mazauna Lisbon wajen 100,000, kusan 10,000 bayi ne.

Direba ya nuna mana wata unguwa a ƙasanmu, a bayan ganuwar, gefen da rana ba ta cika samu ba kuma ba ya kallon kogi. Ya ce, "Waccan ita ce Muraria, can za mu sauka." Ma'anar sunan, unguwar Murawa, wato Musulmi, don haka Turawan wancan zamani suke kiransu.

Ga yadda abin ya kasance. Da aka ci garin a 1147, Musulmin da suka zaɓi zama ba a bar su cikin ganuwa ba, aka ba su wannan gangare a waje. A 1170 sarki ya ba su takardar yarjejeniya: za su riƙe addininsu, su zaɓi shugabansu daga cikinsu wanda zai yi musu shari'a, ana kiransa alkaide, wato al-ƙa'id. Su kuma za su biya harajin kai da wasu haraji, su yi wa sarki aikin gonakin inabinsa, su sayar masa da ɓaure da man zaitun. Suna da masallatai, da makaranta, da maƙabarta. Sun shahara da ginin tukwane, har yau akwai titin da ake kira Titin Maginan Tukwane, suna kuma saƙar darduma da noman lambu. Daga baya aka sa wa unguwar ƙofofi, ana rufewa da dare.

Ya mai karatu, unguwa a bayan gari, mai sarkinta da limaminta da alƙalinta, mutanenta masu sana'a da fatauci, suna biyan haraji, suna zaman amana da masu ƙasa, mene ne sunanta a Hausa in ba zango ba? Bambancin kawai shi ne su ba zuwa suka yi ba, a gidansu baƙunci ya same su.

Sun yi shekara kusan 350 a haka. Sai a watan Disamba na 1496 Sarki Manuwel na Ɗaya, wanda ke neman auren 'yar sarakunan Sifen, ya ba da doka cewa duk Bayahude da Musulmi ya bar ƙasar kafin ƙarshen Oktoba na 1497, ko ya shiga Kiristanci. Yahudawa akasarinsu tilasta musu aka yi suka sauya addini, Musulmi kuma aka bar su suka fita. Aka karɓe masallacin, daga baya wurin ya zama gidan masu ibadar Kirista. Duwatsun kaburbura kuwa aka kwashe su aka sa a ginin babban asibitin garin. Takardar da kakan kakanni suka riƙe shekara ɗaruruwa, takarda ɗaya ta shafe ta.

Da muka sauko cikin Muraria na yi ta dube-dube ko zan ga wani abu da ya rage daga waɗancan mutane. Babu, sai suna da karkatattun lunguna. Abin da direbobi ke nuna wa baƙi a nan shi ne lungun da Mariya Severa ta zauna, mawaƙiyar da ta rasu a 1846 tana da shekara 26, wadda ake ɗauka uwa ce ga waƙar fado, waƙar bege da kewa da Fotugisawa ke ji da ita, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2011. Amma ikon Allah, da muka fito Titin Benformoso sai ga shagunan naman halal, ga masu jallabiya da hula, ga ƙanshin kayan yaji. Mutanen Bangaladesh ne da Fakistan da Nefal da 'yan Afirka, sun cika unguwar a shekarun baya-bayan nan, suna da ƙananan masallatai a cikin gidaje, ranar idi kuma su yi sahu a babban filin Martim Moniz, wanda aka sa wa sunan wani jarumin yaƙin 1147. Babban masallacin Lisbon yana wani gefen gari, an buɗe shi a 1985, bayan Musulmin Mozambik da Gini Bisau sun yi yawa a ƙasar. Bayan shekara 500 unguwar baƙi ta sake zama unguwar baƙi, kuma su ma yanzu tsadar haya tana bin su a baya.

Direba ya sauke mu a dandalin Sao Domingos, kusa da tsakiyar gari, muka sallame shi da godiya. Wurin matattarar 'yan Afirka ta Yamma ce, musamman mutanen Gini Bisau, dattawa a tsaye ƙungiya-ƙungiya ana hira, mata da 'yan kayan sayarwa. A nan na samu goro, fari da ja, a hannun wata Bafulatana, na saya na ɓare, muka gaisa da 'yar Fulatancin da na tsinta a kasuwar shanu. A gaban cocin da ke dandalin akwai dutsen tunawa da kisan gillar da aka yi wa Yahudawan da aka tilasta wa sauya addini, wanda ya faro daga wannan coci a 1506.

To jama'a, abin da na ɗauko daga wannan yawo shi ne, hanya biyu ake tashin unguwa. Akwai ta doka, wadda ke zuwa rana ɗaya da shela, kamar ta 1496. Mu ma ba baƙonta ba ne: dattawanmu ba su manta da dokar watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da aka ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana, aka ga manyan motoci cike da mutanen da wasunsu a nan aka yanke musu cibiya. Akwai kuma ta kuɗi, wadda ba ta da shela ba ta da soja, gida ɗaya-ɗaya take ci, kuma sau da yawa da hannun magada take shiga. Ta biyun ce na gani da idona a Alfama, ita ce kuma nake jin tsoro a gare mu.

Zangunanmu da yawa an kafa su ne a bayan gari, a filin da ba wanda yake so. Yau gari ya girma ya kewaye su, sun koma tsakiya. Dubi Nima da Mamobi a Ankara, ka dubi unguwannin masu kuɗi da ke maƙwabtaka da su, ka tambayi kanka nawa taku ɗaya na wannan ƙasa zai yi nan da shekara ashirin. Gidajenmu nawa ne ke da takardar fili cikakkiya, mai rajista? Nawa ne har yanzu suke da sunan kakan da ya rasu tun zamanin Turawa, magada talatin, ba a raba ba, ba a rubuta ba, ana jiran ranar da ɗaya zai gaji ya kawo mai saye? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takarda ba ta hana zalunci in ya zo da ƙarfi, mutanen Muraria shaida ne, amma tana hana a cuce ka cikin ruwan sanyi, kuma mai gidan kansa ba a sallamarsa kamar ɗan haya.

Abu na biyu shi ne tarihi. Labarin Musulmin Muraria da muke da shi yau, akasarinsa daga takardun sarakunan da suka mulke su aka tsinto shi, direban keke kuma ya ba da shi cikin minti biyar tsakanin hoto da hoto. Mu muna da dattawa da ransu waɗanda suka san wanda ya fara kafa bukka a kowane zango, da hanyar da fataken goro suka biyo daga Kano da Katsina zuwa Salaga, da malamin da ya fara buɗe makarantar allo, da jerin sarakunan zango. Muna da littattafan ajami a cikin adaka, gara tana ci. Kowane yaro yanzu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Me zai hana ƙungiyoyin matasanmu su zauna gaban waɗannan dattawa, su ɗauka, su rubuta, a ajiye a masallaci da fadar sarkin zango da makaranta?

Wanda kuma Allah Ya kai shi Lisbon, ina ba shi shawara ya hau keken nan, musamman in ƙafa ba ta da ƙarfi, domin cikin awa biyu zai ga abin da zai ɗauke shi kwana uku. Ya yi ciniki kafin ya hau, ya tabbatar kuɗin na keke ne gaba ɗaya ko na kowane mutum. Ya tafi da safe kafin jiragen ruwa su sauke jama'arsu. In an kai Alfama da Muraria ya sauka ya taka ko kaɗan ne, ya gaida tsofaffin da ke bakin ƙofa, kada ya ɗauki hotonsu sai da izini, ya sayi wani abu a shagon unguwa. Ya kuma tambayi direbansa inda yake kwana.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya tsare mana gidajenmu da zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana waɗannan unguwanni.